GhanaFact, Dubawa da Fact-Check Ghana: abin da suka tsinana mini a rumfar momo, da inda suka tsaya

Sana'ata momo ce, wato hada-hadar kuɗi ta wayar hannu. Ina da rumfa a bakin titi a Aboabo, nan Kumasi, ina karɓar kuɗi ina turawa, ina sayar da kati da data. Duk mai wannan aiki a zango ya san ba kuɗi kaɗai ake miƙo masa ta taga ba, har da waya. Tsohuwa za ta zo cirar abin da ɗanta ya turo daga Accra ko daga Turai, ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, sannan ta ce, "Ɗana, duba mini wannan, gaskiya ne?" Yawanci murya ce ta WhatsApp da ta bi hannu da yawa, ko hoto mai tambarin gidan talabijin da rubutun Turanci a ƙasa. Idan zaɓe ya ƙarato, masu tambaya sukan fi masu ciniki yawa. Ni kuwa ina jin nauyin in ce wa dattijo "haka ne" ko "ba haka ba ne" da ka, domin abin da na faɗa masa shi zai kai gida, ya kai masallaci. Dalilin da ya sa na nemi inda zan riƙa dubawa ke nan, har na saba da shafukan nan uku na masu tantance labari.

Ga wanda bai san su ba, Fact-Check Ghana ce babba a shekaru. Gidauniyar 'yan jarida ta Afirka ta Yamma, MFWA, mai ofis a Accra, ita ta kafa ta a shekarar zaɓen 2016. Dubawa daga Najeriya ta taso a 2018, ta shigo Ghana a shekarar da ta biyo baya. GhanaFact ta fara a 2019. Dukkansu kyauta ne, data kawai za ka ƙona. Suna da shafi a intanet, suna kuma Facebook da X. Aikinsu kusan iri ɗaya ne. Sukan ɗauki maganar da wani babba ya faɗa, ko labarin da ke yawo a wayoyi, su bi sawunsa har tushe, sannan su yanke hukunci: gaskiya ne, ƙarya ne, ko kuwa akwai gaskiya a ciki amma an karkatar da ita. A zaɓen 7 ga Disamba 2024 su ukun sun haɗa ƙarfi suka yi aiki a matsayin ƙawance ɗaya. Ra'ayina a kansu shi ne duk ɗan zango mai wayar zamani ya kamata ya san su, ya kuma san iyakarsu, don kada ya ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne ƙarya mai hoto. A watannin kamfe an cika wayoyinmu da katunan labari na bogi, a ɗauki tambarin wata tasha da mutane suka yarda da ita, a manna hoton ɗan takara, a rubuta masa maganar da bai taɓa yi ba. An kuma riƙa tono tsohon bidiyon rikici, wani ma ba a Ghana aka ɗauke shi ba, a ce jiya ya faru. A nan shafukan ba su da na biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba hukunci kawai suke jefo maka ba. Sukan nuna maka hanyar da suka bi: ga inda hoton ya fara bayyana, ga ranar, ga abin da tashar da aka ari tambarinta ta ce da aka tuntuɓe ta. Idan ka karanta irin wannan sau da yawa, idonka da kansa zai buɗe. Yanzu kafin in buɗe shafin kowa, nakan duba ko katin yana shafin tashar da kanta, ko akwai kwanan wata a jikinsa, ko rubutun ya yi kama da nasu. Yaran da ke zama a bencina da yamma su ma sun koya, har sukan riga ni ganewa.

Muhimmancin wannan ya fito fili ana saura makonni biyu zaɓe, lokacin da wani mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo a nan Kumasi ya ce wai 'yan takarar shugaban ƙasa ba rana ɗaya za a zaɓe su ba, wasu yau wasu wata rana. Hukumar zaɓe ta ƙaryata, 'yan sanda suka kama shi. Amma maganar ta riga ta shigo unguwa, an juya ta da Hausa, ta zama murya. Wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai kusa da ni ta zo da ita a wayarta hankalinta a tashe. Na ce mata, "Mma, rana ɗaya ce, Asabar 7 ga wata, takarda biyu za a ba ki, ta shugaban ƙasa da ta ɗan majalisa." Irin wannan ƙarya ba ra'ayin mutum take son canzawa ba, so take ta zaunar da shi a gida. Daren ƙidaya ma haka aka yi ta yaɗa sakamakon da babu wanda ya san inda ya fito, alhali a Ghana a gaban jama'a ake ƙirga ƙuri'a a kowace rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu a takardar sakamako. A wannan dare shafukan sun taimaka mini wajen kwantar da hankalin matasa, har gari ya waye Dakta Mahamudu Bawumia na jam'iyyar NPP ya fito ya amsa shan kaye, kafin hukumar zaɓe ta bayyana John Mahama na jam'iyyar NDC da kashi 56 da ɗoriya, Bawumia da kashi 41 da ɗoriya.

Sai dai abin da ya fi damuna ba katin bogi ba ne. Tambayar da ke cin raina ita ce yadda za ka gane ɗan siyasar da za ka ba amana. A sana'ata, idan mutum ya ce in tura masa kuɗi zai kawo da yamma, ba rantsuwarsa nake saurare ba, ba kuma babbar rigarsa nake kallo ba. Nakan tuna yadda muka rabu da shi a bashin da ya wuce. Ɗan siyasa ma bashi yake nema na shekara huɗu, kuma amfanin shafukan nan mafi girma a wurina shi ne suna ajiye tsohon lissafi. Maganar da mutum ya yi shekarun baya tana nan da ranarta, ka ɗauko ta ka ajiye kusa da abin da ya aikata.

Harajin momo shi ne abin da na sani a jikina. A 2020 Bawumia, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ce ba ya ganin ya dace a ɗora wa momo haraji, saboda yawancin masu amfani da shi talakawa ne. A ƙarshen 2021 gwamnatinsu ta kawo E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, majalisa, har 'yan majalisa suka ba hammata iska a zauren a watan Disamba. An zartar da shi a Maris 2022 bayan 'yan adawa sun fice, ya fara aiki a watan Mayu da kashi 1.5, aka sauke shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023. Kafin ya fara aiki mutane sun yi layi a gabana suna kwashe kuɗinsu, domin an yaɗa cewa har abin da ke ajiye a waya za a yanka. Wannan ɓangaren ƙarya ne. Harajin a kan turawa yake, ba a kan ajiya ko cirewa a rumfa ba, kuma na sha bayyana wa mutane haka har muryata ta dushe. Amma ɓangaren da yake gaskiya ya isa ya sa mutum tunani: an ce ba za a yi ba, aka yi. A Fabrairun 2024 Bawumia ya ce idan ya hau zai soke shi, ya kuma kwatanta matsayinsa a gwamnati da na yaron mota, ba direba ba. Wasu a bencina sun karɓi wannan uzuri, wasu sun ƙi. Babu shafin da zai raba musu wannan gardama, domin hukunci ne na zuciya. Abin da shafukan suka yi shi ne suka hana kowane ɓangare musun abin da aka faɗa da ranar da aka faɗe shi.

Kada wani ya ɗauka ɓangare ɗaya nake duka. Mahama a 2012 ya yi alkawarin makarantun sakandare na jeka-ka-dawo guda 200, wa'adinsa ya ƙare waɗanda aka kammala ba su kai rabi ba, kuma duk mai sana'ar da ke buƙatar wuta, daga tela zuwa mai walda zuwa mai sayar da ƙanƙara, bai manta da shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba. Nana Akufo-Addo na NPP, wanda ya gaje shi, ya ce zai yi sakandare kyauta, mutane da yawa suka ce ba zai yiwu ba, ya fara a Satumba 2017, kuma na san gidaje a Sawaba da Akwatia Line da 'ya'yansu ba za su ga ajin sakandare ba in ba don haka ba. Shi ɗin dai ne a Oktoba 2022 ya ce babu wanda za a taɓa wa kuɗin da ya ba gwamnati rance, ba a yi wata biyu ba aka fito da shirin sauya takardun bashi, har tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi, cikinsu da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, kowa ya ji ta a kwanon tuwonsa. Mahama da ya dawo ya soke E-levy a Afrilun 2025 kamar yadda ya ce, na kuma ga yadda ciniki ya saki. A watan Yuli na shekarar kuma aka ƙara sidi ɗaya a kan kowace litar mai don biyan bashin wutar lantarki, abin da ba a ji shi a dandalin kamfe ba. Kowanne a cikinsu ya cika wani abu, ya saɓa wani. Aikin mai zaɓe shi ne ya duba wanne ya cika, wanne ya saɓa, kuma da ya saɓa, ya fito ya yi bayani ne ko ya yi kamar bai taɓa faɗa ba. Ni wannan na ƙarshen nake ba nauyi fiye da komai.

Akwai kuma lissafin ayyuka, wanda kowace gwamnati ke fitarwa idan zaɓe ya zo. NDC ta buga koren littafinta mai hotunan gine-gine kafin zaɓen 2016. NPP ta buɗe shafin bin ayyuka a 2020, ta sake buɗe wani a Afrilun 2024 mai ɗauke da ayyuka sama da dubu 13. Da 'yan jarida da mutanen gari suka fara zuwa suna dubawa da ido, gwamnati ta amsa cewa an saka guda 67 bisa kuskure. Wannan ya nuna amfanin a samu masu bi. Masu tantancewa sukan yi irin wannan bayan manyan jawabai, kamar wanda shugaban ƙasa ke yi a majalisa kan halin da ƙasa ke ciki. Sukan ɗauki alƙaluman tituna, na bashi, na ayyukan yi, su gwada da na hukumar ƙididdiga da na babban banki. A nan ne hukuncin "an karkatar" ya fi amfani, domin ɗan siyasa mai wayo ba ya yawan yin ƙarya tsirara. Zai haɗa titin da aka yi wa faci da wanda aka gina sabo ya ba ka jimilla ɗaya, ko ya zaɓi shekarar da ta fi masa daɗi ya fara ƙirga daga nan. Mu a Kumasi ba ma buƙatar shafi kafin mu san wasu abubuwa. Kashi na biyu na kasuwar Kejetia an sa masa harsashi a 2019, aiki ya tsaya bayan rikicin bashi, 'yan kasuwar da aka tasa suka watsu a bakin titi. Gadar Sofoline tun 2007 ake maganarta, gwamnatocin jam'iyyun biyu duk sun wuce ta kanta. Gani ya kori ji.

Ga wanda yake son ya zurfafa, ina ba da shawarar ya haɗa da The Fourth Estate, wadda ita ma ta MFWA ce. Su ba magana ɗaya suke tantancewa ba, bincike suke yi mai tsawo. Sun yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 suka samo sunayen waɗanda aka ba tallafin karatu na gwamnati a ƙasashen waje, suka buga a 2024, aka ga dangin manya da na kusa da mulki a ciki. Na karanta wa wani malamin makarantar Islamiyya wannan labari a rumfa, ya daɗe bai ce komai ba, domin yana da ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da kuɗin fom ɗin jami'a ma ya gagare su. Rubutunsu yana da tsawo, sai ka samu lokaci, amma ya fi gardamar rediyo ta safe nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda suka tsaya. Ƙaryar da ke yawo a zango da baki take tafiya, da Hausa, cikin muryar wani da ya fara da sallama da salati har ka ji kamar ɗan'uwanka ne. Gyaran kuma yakan zo a rubuce. Kafin mai karatu ya gani, ya fahimta, ya juya wa Baaba da Mma, maganar ta kwana uku a gari ta yi saiwa. Wannan giɓi mu ne muke cike shi, masu momo da teloli da masu shayi da malaman makaranta. Abin da nake fatan ya yawaita shi ne saƙon murya na minti ɗaya da Hausar da muke yi a nan, wanda za a iya turawa a rukunin WhatsApp na iyali da na masallaci kamar yadda ake tura ƙaryar. Gidajen rediyonmu masu shirin Hausa a Kumasi da Accra su ma suna iya ware minti biyar kullum a kan wannan, musamman a watan Nuwamba na shekarar zaɓe.

Na biyu, shafukan nan ƙasa baki ɗaya suke kallo, ba lungu ba. 'Yan jarida kaɗan ne, mazaɓu kuwa 276. Abin da minista ya faɗa a talabijin za a bi shi. Abin da ɗan takara ya faɗa a wurin suna ko ɗaurin aure, cewa zai gyara magudanar ruwan da ke cika gidaje idan damina ta sauka, wannan babu mai rubuta shi sai wanda ya ji. Kuma a nan ne rayuwarmu take. Mutane da yawa ba su ma raba aikin ɗan majalisa da na majalisar gunduma ba. Ɗan majalisa aikinsa doka ne, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan gwamnati. Yana da ɗan kaso daga asusun gundumomi, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 na kuɗin shigar ƙasa, amma kwata da shara da kasuwa da fitilar titi na majalisar gunduma ne, mu namu na Asokore Mampong. Wanda ya zo neman kujerar majalisa yana rantsuwa zai gina maka titi da hannunsa, ko bai san aikin ba ko ya san kai ba ka sani ba. Tambayoyin da suka dace da shi su ne ko yana zuwa zama, me ya faɗa lokacin da aka kawo haraji, wace tambaya ya yi wa minista a kan unguwarsa. Tsarin mulki ya ce wanda ya yi fashin zama 15 ba da izini ba, ba kuma da hujja ba, kujerarsa na iya salwanta. Rubutaccen bayanin zaman majalisa yana shafin majalisar, ƙungiyar Odekro ma ta taɓa fitar da rahotanni kan halartar 'yan majalisa. Ba su da daɗin karatu, amma a nan gaskiyar aikin take.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma ba laifin kowane shafi ba ne. A zango ba alƙaluma kaɗai ke jefa ƙuri'a ba. Kawuna yana yaro lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa a Nuwamba 1969. Ya ga maƙwabta sun sayar da kayansu a wulaƙance sun hau manyan motoci, wasu a nan aka haife su. Har yau idan aka ambaci jam'iyyar da ta gaji wannan gida, wato NPP, fuskarsa takan canza. Na ce masa, "Kawu, ai su ne suka ba mu Alhaji Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas." Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma kai ba ka ga motocin ba." Zai kuma tuna maka cewa zamanin Rawlings ne aka mai da ranakun salla hutun ƙasa. Ban raina ciwonsa ba, kuma ba zan yarda wani ya raina shi ba. A ɗaya gefen akwai maƙwabcina da ya ce shi Bawumia zai yi ko da me, tunda a karon farko babbar jam'iyya ta tsayar da Musulmi, ga kuma babban masallacin Kumasi da ya gyara aka buɗe a 2023. Shi ma na fahimce shi. Mazaɓarmu ta Asawase kowa ya san inda ta karkata, Alhaji Muntaka Mubarak na NDC ke riƙe da ita tun 2005 a tsakiyar yankin da NPP ta fi ƙarfi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne idan jam'iyya ta tabbata ƙuri'arka tata ce ko ta yi ko ba ta yi ba, babu abin da zai sa ta wahala a kanka. Wadda ta tabbata ba za ta samu ba ita ma haka.

Shi ya sa nake so mu riƙa auna alkawuran da aka yi wa zango da sunansa da irin ma'aunin da muke auna sauran. An kafa asusun raya zango da dokar 2017, aka yi maganar dala miliyan 50, aka buɗe ma'aikata ta musamman, sannan aka rufe ma'aikatar a 2021. An yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba, an yi wasu ajujuwa da rijiyoyi. Kowa ya tsaya a unguwarsa ya ƙirga abin da ya gani, ya gwada da abin da aka faɗa. Mahama ya ce zai rage kuɗin kujerar hajji, ya sauko daga sidi dubu 75 a 2024 zuwa dubu 62 a 2025, aka kuma ƙara ranar hutu a ƙaramar salla. An cika, a rubuta masa. Amma mutum nawa ne a layinmu ke da dubu 62? Yaron da ya gama sakandare yana tuƙa pragya, keke mai ƙafa uku, saboda babu aiki, shi abin da ya shafe shi daban ne, kuma ƙuri'arsa ɗaya ce da ta Alhaji.

Akwai abin da nake gani ta tagar rumfa wanda babu mai tantancewa da zai gani. Idan zaɓe ya rage 'yan kwanaki, ƙananan kuɗi sukan fara shigowa wayoyin mutane, hamsin hamsin, ɗari ɗari, daga lambobin da ba su sani ba, bayan an bi gida gida an rubuta sunaye. Duka ɓangarorin suna yi. Dokar zaɓe ta 1992 ta haramta bayarwa da karɓa, amma wanda ya kwana da yunwa ba doka yake tunawa ba, kuma ba ni da bakin zaginsa. Abin da nake faɗa wa matasa shi ne su tambayi kansu daga ina kuɗin ya fito, ta ina kuma za a mayar da shi. Cibiyar CDD-Ghana ta taɓa ƙiyasta cewa neman kujerar majalisa na cin kimanin sidi miliyan 4, tun daga zaɓen fid da gwani. Albashin ɗan majalisa ba zai mayar da wannan ba. Daga kwangilar kwatarka zai fito, ko daga aljihun mai galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ya ba shi rance yana jiran sakayya. Nakan kuma tabbatar wa tsofaffi cewa babu wanda zai san inda suka dangwala. Na'urar da ke duba yatsa tabbatarwa take cewa kai ne, ba ta ganin takardarka. Da yawa suna tsoron wannan a ransu ba sa faɗa. Kuma babu dokar da ta ce sai ka ba jam'iyya ɗaya takardun biyu. Siket da bulawus da ake yi, shugaban ƙasa nan ɗan majalisa can, halal ne a zaɓe, kuma majalisar 2020 da ta rabu 137 da 137 da ɗan indifenda ɗaya ta nuna 'yan Ghana sun iya shi.

A cikin ukun, idan labari yana da zafi ina son amsa da wuri, GhanaFact da Dubawa nake fara leƙawa. Idan alƙaluman jawabi ne ko ayyukan gwamnati, na fi zama da Fact-Check Ghana. Idan biyu suka taɓa magana ɗaya nakan karanta duka, domin su ma mutane ne, kuma hanyar da suka nuna ita nake bi, ba hatimin da suka buga a sama ba. 'Yan jam'iyya sukan zarge su da son kai duk ranar da hukunci bai yi musu daɗi ba. Na ga magoya bayan giwa, wato NPP, sun yi, na ga na lema, wato NDC, sun yi, kuma wannan bai rage musu daraja a idona ba.

Waɗanda suka fita zaɓe sun ragu daga kusan kashi 79 a 2020 zuwa kusan kashi 61 a 2024, kuma na san wasu daga cikin waɗanda suka zauna a gida, cewa suke duk ɗaya ne. Ban yarda duk ɗaya ne ba, lissafin da na jero a sama bai nuna haka ba. A 2028 Mahama ba zai sake tsayawa ba, tsarin mulki wa'adi biyu ya ba shi, saboda haka aƙalla ɗaya daga manyan jam'iyyun za ta kawo fuskar da ba mu taɓa gani a saman takarda ba. Irin wannan mutum sai an koma an duba abin da ya yi yana minista ko ɗan majalisa, kuma a nan tsofaffin rubuce-rubucen shafukan nan za su yi rana. Kafin nan akwai zaɓen wakilan majalisar gunduma, wanda aka yi na baya a Disamba 2023 mutane ƙalilan suka fita, alhali su ne masu kwata da shara. Su babu shafin da zai bi mana su. Na ce wa samarin bencina duk wanda ya zo neman ƙuri'a a layinmu su ɗauki maganarsa a waya, da izininsa, da ranar da wurin, mu ajiye a rukuninmu har ya dawo neman ta biyu.